Fitilar Masunta: Daga Kananzir Zuwa Ƙwan LED

A taron ƙungiyoyinmu na gama kai da aka yi bayan girbi, 'yan'uwa masunta na wata ekklisiya da ke bakin madatsar ruwa sun kawo roƙo gaban kwamiti. Suna so a ba su rance daga asusu domin su sayi batir da irin ƙwan fitilar nan da ake kira LED, su ajiye fitilun kananzir da suke fita su da su da dare. Ma'aji bai amsa da sauri ba, ba mu kuwa ga laifinsa ba. Kuɗin da ke cikin asusun gumin manoma ne, na masara da gyaɗa da waken soya, an kuma riga an yi alkawari za a sayi taki da shi kafin damina. Wani dattijo ya ce shi ya saba da rance don shanun huɗa, amma bai taɓa jin an ci bashi don haske ba. Aka tashi ba a yanke magana ba. Mu aka ɗora wa aikin bincike, mu kawo bayani.

Da muka shiga binciken, sai muka tarar ba mu ne na fari ba. Akwai masunta dubbai a Afirka ta Gabas da suka riga mu bin wannan hanya, da yawansu kuma a jiragen da iska ke turawa suke aiki. Labarinsu za mu fara ba ku, gama abin da ya same su zai rage mana asara.

A Tafkin Biktoriya

Tafkin Biktoriya shi ne mafi girma a Afirka duka. Faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 68,800, ƙasashe uku ne kuma suka raba shi: Tanzaniya da Uganda da Kenya. A cikin shekarun 1950 da 1960 aka zuba giwan ruwa a cikinsa, irin namu ɗin nan na Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi. Kafin a kai 1990 giwan ruwa ya cinye yawancin ƙananan kifayen tafkin na asali. Amma akwai wani ɗan kifi fari, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, wanda ya tsira har ya ƙara yawa. Mutanen Kenya suna ce da shi omena, na Tanzaniya dagaa, na Uganda kuma mukene. Akan shanya shi a rana. Shi ne naman miyan talaka a can, ana kuma niƙa shi cikin abincin kaji. In ana maganar nauyi, ba wani kifi da ake kamawa a tafkin kamarsa.

Da dare ake kama shi, a duhun wata. Masunta kan kunna fitilun gas, irin masu famfo da wasu ke kira Tilley, su ɗora kowace bisa ɗan abin da ke iyo, su jera su a kan ruwa nesa kaɗan da juna. Haske ya tara ƙananan halittun ruwa, kifi ya biyo su. Bayan wani lokaci sai a jawo fitilun wuri ɗaya sannu a hankali, kifin yana biye da haske, a kewaye shi da koma a ja. Idan farin wata ya cika sai a huta, gama haskensa ya game ruwa duka, kifi ba ya kula da fitila.

Yanzu jirage masu inji sun yi yawa a tafkin, amma har wa yau akwai masu tafiya da iska. Babban ƙyalle ne mai kusurwa uku ake ɗaurawa a jikin dogon itace, iska ta hura shi, jirgi ya tafi. 'Yan kasuwar Larabawa da Sawahili ne suka kawo wannan dabara daga bakin teku a ƙarni na 19. Allah kuwa ya shirya iskar wurin daidai da aikin: da dare takan hura daga tudu zuwa tsakiyar ruwa, da rana ta juyo daga ruwa zuwa tudu. Mai irin wannan jirgi ba ya sayen man fetur ko ɗigo. Ka ce ya huta da kashe kuɗi. Ina! Fitila ce ke cinye shi.

Ga lissafin. Babbar fitilar gas takan sha wajen lita ɗaya ta kananzir cikin awa 8. A ce jirgi yana da fitila 5, yana fita dare 20 a wata. Lita 100 ke nan kowane wata, ban da kuɗin 'yar ragar nan mai kamawa da haske, wadda ke fashewa da an ɗan girgiza ta, ban da gilashi da ɗigon ruwan sama ke fasawa in ya yi zafi. Wani bincike da Evan Mills na Amurka da abokan aikinsa suka yi a Tanzaniya, wanda aka buga a 2014, ya nuna masuntan dare suna kashe kashi 35 zuwa 50 cikin ɗari na abin da ya kamata su kai gida a kan fitila da manta. Ku duba, 'yan'uwa. Kamar manomi ne ya yi dami goma, a ɗauke huɗu tun a gona. Kananzir ɗin kuwa sai an saye shi tun da yamma, ko an kama kifi ko ba a kama ba. Bitrus ma ya san daren da ake wahala a komo hannu wofi, kamar yadda muke karantawa a Luka sura 5. Bambancin kawai, na yanzu yakan komo da bashin mai kanti a wuya.

Masu binciken sun gwada fitilun LED masu batir a jiragen masunta, suka ga kamun bai kasa na fitilar gas ba. Wani zai yi mamaki, tun da fitilar gas haskenta har kashe ido yake yi. Dalilin shi ne, tana watsa haskenta ko'ina, sama da gefe, kaɗan ne ke shiga ruwa. Ƙwan LED kuwa ana iya fuskantar da shi ƙasa, inda kifi yake.

Tun kafin wannan bincike, a 2008, kamfanin Osram na Jamus ya kafa tashar cajin batir da hasken rana a garin Mbita na Kenya. Fitilun farko da suka ba masunta ba LED ba ne, irin ƙwan nan ne mai lanƙwasa na tsimin wuta. Daga baya LED ya maye gurbinsa. A 2019 kuma gidauniyar Siemens ta kafa wani kamfani mai suna WeTu a wannan yankin, mai ba da hayar fitilu. Ku lura da tsarin, domin a nan darasin yake. Masunci ba ya sayen batir. Yakan karɓi fitila cike da caji da yamma, ya komar da ita da safe, ya biya kuɗin haya. Cajin da gyaran duk a wuyan masu tasha suke.

Mene ne ƙwan LED?

A tsohon ƙwan lantarki akwai siririyar waya da wuta ke gasawa har ta yi fari. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na wutar da yake ci zafi take zama, shi ya sa ba ka iya taɓa shi. LED ba waya a ciki. Wani ɗan ƙwayar abu ne kamar gero, wanda ke ba da haske da zarar wuta ta ratsa shi. Nick Holonyak ya ƙera mai jan haske a Amurka a 1962. Aka daɗe ana neman mai shuɗi, sai a farkon shekarun 1990 mutanen Japan uku, Akasaki da Amano da Nakamura, suka ci nasara, har aka ba su kyautar Nobel a 2014. Daga shuɗin ne ake samun farin da ke cikin tocilanmu da wayoyinmu a yau.

Abin da ya shafe mu shi ne cinsa. Ma'aunin haske sunansa lumen, ma'aunin cin wuta kuma wat. Tsohon ƙwai yana ba da lumen 10 zuwa 15 a kowane wat. LED mai kyau yana ba da 80 zuwa 100, wani ma ya fi haka. Tsohon ƙwai yakan yi wajen awa 1,000 ya mutu, LED mai kyau yakan yi awa 15,000 ko fiye.

Batir rumbu ne

A ƙasashen Turai da Amurka akwai masu ƙananan jiragen iska da suke ratsa teku da su, su yi makonni ba su ga tudu ba. Su ma kusan duka sun sāke fitilunsu zuwa LED, su ne kuma suka fi kowa iya wannan lissafi, gama wanda ke tsakiyar teku abin da ke cikin batir shi ne duk arzikinsa. Mu ari lissafinsu.

Ku ɗauki batir a kan rumbu. Wat kuma shi ne mudun da ake ɗiba kowace awa. Batir da aka rubuta 12V da 100Ah a jikinsa, in ka ninka 12 sau 100, yana ɗauke da awo 1,200. Amma irin batirin nan mai ruwa da dalma ba a kwashe shi har ƙasa. Rabi ake ci, a bar rabi, kamar yadda mai hankali ba ya taɓa iri. Wanda ya saba zuƙe shi ƙaf, batir da zai yi shekara uku ko huɗu ba zai kai shekara ba. To, awo 600 ke nan na ci.

Jirgin iska yana da fitila a ƙwanƙolin itacen da ke riƙe da ƙyalle, domin sauran jirage su gan shi. Da tsohon ƙwai wat 25 take ci. Awa 10 na dare, awo 250 sun tafi. A ɗakin jirgi kuma a ce akwai ƙwai 4 masu wat 10, suna ci awa 4: awo 160. Jimla 410 a dare guda. Rumbun ba zai kai dare biyu ba. Yanzu a sa LED: na ƙwanƙoli wat 3, awo 30; na ɗaki wat 2 kowane, awo 32. Jimla 62. Rumbun da ba ya kai dare biyu zai yi dare tara, batir ɗin kuwa shi ne dai, ba a ƙara masa kome ba. Duk magatakardan ƙungiya da ya iya ninkawa zai iya yin wannan lissafi a bayan littafin rajista, ko don jirgi ne, ko don majami'a, ko ɗakin shan magani. Muna roƙo a yi shi kafin a tafi kasuwa, ba bayan an komo ba.

Araha ba ta ado

Mu kanmu mun ƙone hannu, shi ya sa muke da bakin magana. Shekaru uku da suka wuce ƙungiyarmu ta sayi faifan sola da batir domin ajin yaƙi da jahilci da zumuntar mata ke yi a majami'a da dare. Da kuɗi suka kusa ƙarewa, sai muka sayi ƙwai shida mafi araha a kasuwa. Ba a yi wata biyu ba uku suka mutu, sauran suka dushe kamar a-ci-bal-bal. Mata suka koma zuwa da tocila. Muka ɗora laifi a kan batir, har muka kusa mayar da shi, ashe shi ba ruwansa.

Wani mai gyaran rediyo ne ya warware mana. Batir da ake ce wa mai bolt 12 ba kullum yake tsaye a 12 ba. Lokacin da ake cajinsa ƙarfinsa yakan hau har 14.4. Ƙwan araha ba shi da abin da zai daidaita wutar da ke shigarsa, saboda haka yakan yi zafi fiye da kima, zafi kuwa shi ne ajalin LED. Mu kuma yara sukan bar fitilun a kunne da rana tsaka, daidai lokacin da faifan sola ke tura wuta. Ƙwan da ya dace shi ne wanda aka rubuta 10–30V a kwalinsa. Wannan yana da 'yar na'ura a gindinsa mai ba shi daidai abin da yake bukata, ko wuta ta hau ko ta sauka.

Muka sayi irin wannan, sai ga wata sabuwa. Da an kunna fitila, rediyon mai bishara ya kama shuu, ba a jin labarai. 'Yar na'urar nan ce, idan ba a ƙera ta da kyau ba takan watsa hayaniya ta rufe rediyo. A gare mu abin dariya ne, amma a teku batun rai ne. A watan Agusta 2018 hukumar tsaron gaɓar teku ta Amurka ta ba da gargaɗi cewa wasu fitilun LED suna toshe rediyon da jirage ke kiran taimako da shi, tun ba wanda aka kafa kusa da eriya ba. Gwajin ba wuya. Ku tafi kanti da ƙaramin rediyo, ku kama tasha mai nisa, a kunna ƙwan kusa da shi. In hayaniya ta tashi, ku nemi wani iri.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ke sa mutum ya jefar da ƙwai mai lafiya. Wasu LED sai an haɗa jar waya da baƙa ta hanyar da ta dace suke kamawa. In ka sa bai kama ba, juya shi tukuna kafin ka zagi mai kanti. Kada a sayo ƙwan wutar gari mai 220V a ce za a haɗa da batir. Wasu sukan sa inbata a tsakani don su yi haka, amma inbata ma ci take yi, ga shi ba ta shiri da ruwa. A tafi da tsohon ƙwan kasuwa a gwada gindinsu, domin akwai masu kama da juna da ba sa shiga ramin juna. A sa fis kusa da kan batir. Ko da fitila ba ta ci da yawa, in wayoyi biyu suka haɗu batir yana iya narkar da su ya tada gobara, jirgi kuwa katako ne. Fitilar da za ta zauna a kan ruwa a nemi mai alamar IP67, watau wadda aka gwada ta jure nutsewa har zurfin mita ɗaya na rabin awa. Mahaɗar waya kuma a rufe ta sarai, a riƙa dubawa, gama a nan tsatsa ke fara ɓarna.

Ja, kore da fari

Ba don kifi kaɗai jirgi ke bukatar haske ba. Bisa ga dokar hana karo a teku da ƙasashen duniya suka amince da ita a 1972, jirgi yana nuna jan haske a gefen hagu, kore a gefen dama, fari kuma a baya. Wanda ya hango ja da kore tare ya san jirgin kansa yake nufowa. Ƙaramin jirgin iska da bai kai mita 7 ba, ko kwalekwale mai filafili, dokar ta yarda ya riƙe tocila ko fitila mai farin haske, ya nuna ta da wuri kafin a yi karo.

A nan masu jiragen iska da yawa suka yi kuskure. Fitilunsu na gefe gilashi ne mai launi, da tsohon ƙwai a ciki. Suka cire shi suka sa farin LED irin mai ɗan shuɗi-shuɗi. Sai koren ya koma shuɗi, jan kuma ya dushe, domin irin wannan farin ba shi da ja sosai a cikinsa. Maganin shi ne a sa jan LED bayan jan gilashi, kore bayan kore, ko kuwa a sayi fitilar da aka ƙera da LED tun asali. A kwalin farin ƙwai za ku ga lamba da harafin K. Mai 2700 zuwa 3000 haskensa ɗan rawaya ne kamar na tsohon ƙwai, ya fi daɗin karatu. Mai 6000 shi ne farin nan fat.

Bari mu faɗi wani abu a fili tun da muna kan maganar. Fitila mai kyau ba izini ba ce ta ɗaukar fasinja da dare. A watan Yuni 2023 jirgin 'yan biki ya kife a Kwara cikin dare a yankin Patigi, mutum fiye da 100 suka rasu. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa ta hana jigilar mutane da dare, kada kuma a ji jirgin da aka sa wa fitila da kuɗin ƙungiyar ekklisiya ya karya wannan doka.

Namu ruwan

A Nijeriya ma muna da ƙananan kifaye masu son haske. A Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan an gama madatsar a 1968, akwai wanda masunta ke kira warangi, ana kama shi da atalla, masu bincike na New Bussa kuma sun gwada tara shi da fitila tun cikin shekarun 1970. Amma ba kowane kifi haske ke tarawa ba. Mai neman tarwaɗa da ƙugiya fitilar ganin hannu kawai yake bukata, ƙaramar sola ta ishe shi, ba sai ya ci bashin babban batir ba. Kowace ƙungiya ta fara tambayar kanta wane irin su membobinta ke yi.

Ta wajen kuɗi kuwa, magana ta fi ƙarfi a nan. Tun 2016 gwamnati ta janye tallafin kananzir, a 2023 kuma lita ɗaya ta haura naira 1,000. Wanda ke ƙona lita 2 kawai a dare, dare 20 a wata, ya ƙone aƙalla naira 40,000. Wannan kuɗin shi ne zai biya rancen, ba ƙarin kamu ba. Kada kowa ya zo gaban kwamiti da alkawarin kifi zai ninka.

Akwai ma abin tsoro in ya ninka. Da kananzir, tsadar mai ce ke taƙaita yawan fitila. Haske ya yi araha, sai kowa ya ƙara fitila, ya ƙara awa, a kwashe har 'ya'yan kifi. A 2024 gwamnatin Uganda ta hana wata hanyar kamun mukene da babbar koma, domin tana haɗawa da ƙananan giwan ruwa da sauran kifin da bai isa kamu ba. A shekarar kuma Tanzaniya ta rufe su a Tafkin Tanganyika har wata uku don kifi ya hayayyafa. Ruwa amana ne a hannunmu kamar gona. Kafin a sa fitila a ruwa, a je wurin sarkin ruwa da ma'aikacin kifi na jiha, a ji abin da doka ta yarda a wannan madatsar.

Sai batun mataccen batir. Dalma guba ce. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara. Wadda ke cikin batir ita ce dai. Kada a jefa shi cikin ruwa, kada a fasa shi a tsakar gida don a narkar da dalma a yi nauyin koma, kada yara su yi wasa da shi. A mayar wa dillali a rage kuɗin sabo. Akwai sabon irin batir da ake kira litiyam, mara nauyi, wanda ake iya ci fiye da rabi ba ya lalacewa, sai dai kuɗinsa na farko ya fi yawa.

Abin da za mu kai wa kwamiti

Ga ra'ayinmu, ƙwan shi ne ƙaramin abu cikin wannan sha'ani. Babban kuɗin yana cikin batir, batir kuma halin mai riƙonsa yake bi. In aka raba wa mutum goma rance kowa ya sayi nasa, mun san abin da zai faru. Wani zai kai nasa gidan biki a yi kiɗa da shi har asuba, wani zai bar nasa mako biyu ba caji lokacin farin wata, kafin shekara rabinsu sun mutu, bashi yana nan. 'Yan matan nan biyar na Matiyu sura 25 fitila suna da ita, guzurin mai ne ba su yi ba. Saboda haka muna ba da shawara a bi tsarin Mbita. Ƙungiya ta mallaki faifan sola da batura da kwantirola mai hana caji wuce kima, a kafa su a harabar majami'a inda akwai mai gadi. A naɗa mutum ɗaya amintacce, a koya masa aikin, a ba shi ɗan lada. Shi zai ba da fitila da yamma ya karɓa da safe, ya rubuta suna da kuɗin haya, ya duba ruwan batir, ya kuma goge faifan kowace safiya a lokacin hunturu, gama ƙura tana rage masa ƙarfi ƙwarai. A ƙasarmu faifai mai wat 100 yakan tara wajen awo 350 zuwa 400 a rana mai kyau, da wannan za a auna ko nawa za a saya. A kwanakin farin wata, da masunta ke hutu, baturan za su yi cajin wayoyin jama'a, kuɗin ya shiga asusu.

Ba ma so a zuba kuɗin taki duka a ciki. A fara da jirgi biyu har wata uku. Wasu biyu su ci gaba da kananzir, suna fita wuri ɗaya da su. Magatakarda ya riƙe littafi, ya rubuta abin da kowane jirgi ya kashe da kwandon da ya kawo kowace safiya, a karanta a gaban kowa a taron kafin shuka. Ma'aji ya ce in haka ne zai sa hannu, muddin masuntan sun fara kawo kashi ɗaya cikin huɗu daga aljihunsu. Sun ce za su yi shawara da matansu, tun da su ne ke shanya kifi su kai kasuwa, a hannunsu kuma kuɗin yake kwana.

Idan akwai wata ƙungiya a Binuwai, ko Kainji, ko Dadin Kowa, da ta riga ta gwada irin wannan fitila, muna roƙo magatakardanta ya rubuto wa edita. Ku faɗa mana wat nawa kuka sa, wane irin batir, wata nawa ya yi, da abin da ya fara lalacewa.